Godiya ga duk wanda ya tsaya mana, da yadda munka ƙare da motar

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Yau sati shida cif da haɗarin da munka yi kan hanyar Jega, kuma sai yau na iya riƙe waya da hannu biyu in yi dogon rubutu, shi ya sa kunka ji ni shiru. Waɗanda sunka kira ban ɗauka ba don Allah ku yafe ni, wayar kanta sai da ta kwana uku hannun wani bawan Allah da ya tsince ta cikin ciyawa kafin ya biyo lambar ƙanena ya kawo ta har gida, ko kuɗin mai bai karɓa ba.

Alhamdulillahi, Allah shi ne abin godiya. Mu uku ne cikin motar, ni da ƙanena da yaron maƙwabcinmu, kuma duk mun fito da rai. Mun baro Birnin Kebbi bayan la'asar, mun wuce Kalgo da ɗan tazara sai na ji tas! tayar gaba ta gefena ta fashe, ni kuma na yi abin da kowane direba ke cewa kada a yi, na danna birki da ƙarfi. Motar ta kwace sitiyari ta sauka titi ta je ta daki kwalbati da goshi sannan ta kwanta gefe. Ni hannun hagu ya karye, ƙanena ɗinki biyar a goshi, yaron ko ƙwarzane babu sai kuka.

Godiyata ta farko ga manoman da ke aiki gefen hanya ce, ban san sunan ko ɗaya ba. Sunka yar da kayan aiki sunka taho da gudu, su sunka ɗaga motar da ƙarfin tuwo anka jawo ni ta taga. Sai wani direban babbar mota da ya ɗauko albasa daga Aliero, ya tsaya ya cire rawaninsa ya ɗaure mini hannu da kara biyu, har yau rawanin na nan wurina an wanke an ajiye, in Allah ya sa ya ga wanga rubutu ko wani ya san shi. Ma'aikatan Rod Sefti da sunka kai mu asibiti, nas-nas ɗin da ke aiki daren nan, abokan aikina na makaranta da sunka yi karo-karo, 'yan majalisarmu da sunka kwana gadin motar a daji don kada a wayi gari a iske babu batir babu taya, Allah ya saka muku da alheri ya tsare ku da irin wagga rana. Inna da Gwaggo kuwa sun so a wuce da ni Aliero wurin masu ɗori, kowa ya san garin da wanga aiki, amma da likita ya nuna hoton ƙashin anka tsaya ga filasta, kuma ga shi yana haɗewa.

To mutane da yawa na tambayata ina motar, an gyara? Bari in ba ku labari gaba ɗaya don in huta da maimaitawa.

Golf 3 ce, kun san ta, koriyar nan mai ƙofar baya da sai an buɗe daga ciki. Shekara 11 tana hannuna, kuma ni ma ba sabuwa na saye ta ba, irin waɗannan tun cikin shekarun 1990 anka ƙera su a Jamus, wato ta girmi wasu malaman da muke aiki tare. Da ita anka kai uwargida asibiti haihuwar yara uku, da ita munka ɗauki Baba zuwa Sakkwato a jinyarsa ta ƙarshe, Allah ya jiƙansa. Saboda haka da janwe ya sauke ta gareji na je na gan ta da hannu rataye a wuya, bonet ya naɗe awa tabarma, lagireto ya shige cikin inji, gilashin gaba ya zama gari, abin da ya fara fitowa bakina shi ne nawa za a gyara. Ban ma tambayi ko tana gyaruwa ba.

Inshora kuwa kada ma a yi maganarta. Irin wadda mafi yawanmu ke yi ce, ta naira 15,000 tun da anka ƙara kuɗin a 2023, da can 5,000 ce, kuma wannan in ka bugi motar wani ko dukiyar wani take biya, taka motar ba ruwanta da ita. Ni kwalbati na buga. Takardar amfaninta dai a nuna a shingen hanya.

Wani yaro fanel bita ya zagaya ta sau biyu yac ce Malam sati biyu ka ba ni, za ta dawo kamar yau ta fito Kwatano. Wallahi maganar ta yi mini daɗi, har na fara lissafin wa zan ranta wurinsa. Kawu ma da yaz zo dubiya ya goyi bayan haka, yac ce ɗana da tsohuwar zuma ake magani, motar da ka san halinta ta fi wadda ba ka sani ba, kuma yanzu da dala ta hau ina kuɗin wata? Gaskiya ne kuma, ban ƙi ta tasa ba, wanda ya leƙa wurin dillalan mota kwanan nan ya san abin da ake ciki.

Wanda ya hana ni shi ne tsohon bakanikena, wanda ya riƙe motar nan tun ranar da na saye ta, kuma rabin dalilin wanga rubutu don shi na yi. Bai ce komi ba ranar farko. Kwana biyu baya ya sa yaransa sunka ɗage ta kan jak sunka cire tayun gaba, ya ɗauko igiya ya auna daga tsakiyar tayar baya zuwa inda ta gaba ke zama, gefen dama, sannan gefen hagu, ya riƙe igiyar da babban yatsa ya nuna mini. Bambancin ya fi faɗin yatsu uku. Ya haska mini tocila ƙarƙashi na ga ƙafar shasi ta hagu, wadda inji ke zaune kanta, ta tattare awa gwangwanin madara da anka taka.

Yac ce, Malam zauna. Golf ba ta da shasi daban irin na Hilux da za a ɗage jiki a canza, jikinta shi ne shasinta. Yaron can zai gasa ƙarfen da wuta ya ɗaura sarƙa ga icce ya ja, zai miƙe a ido, a shafa fila a yi fenti kowa ya ce masha Allah. Amma ƙarfen da ya sha wuta ya mutu, alaimen ba zai zauna ba, tana cin taya tana jan ka gefe, ranar da kuma ta sake dukan wani abu nan wurin zai fara naɗewa, kuma ƙafarka ce bayansa. In kuɗi nika so in ce maka kawo, aikin wata guda ne gare ni. Ba ni karɓar kuɗinka in miƙa maka makara mai taya huɗu ka sa iyali ciki.

Na yi shiru. Mutumin da cinikinsa ke ga gyaran ne ke ce maka kada ka gyara, mi za ka ce?

Duk da haka sai da na sa munka yi lissafi a bayan kwalin sigari. Lagireto, fanka, bonet, bamba, fitilu biyu, gilashi, shokozoba, tayarod, kujerar inji, aikin rewaya, fanel bita, fenti, tayu huɗu, kuma yawancin kayan sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a jira mota ta kawo, in bai yi daidai ba a mayar. Abin ya haura miliyan ɗaya ba a ma buɗe inji an ga abin da ke ciki ba. Da na kai lissafin gida uwargida ta duba tac ce Malam ka ƙara da wanda ta ci bara, sai ta fara jerowa, giya bos watan azumi, famfon mai bayan sallah, kik sau biyu, ni na manta ita ba ta manta ba. Tac ce dama ni na san ina da kishiya, ban dai yi mata fatan haka ba. Duk ciwon hannu sai da na yi dariya.

Na yi istihara, na kwana biyu, na koma na ce a sayar.

Nan ma dattijon nan bai bar ni ba. 'Yan gwangwan sun fara zuwa tun ranar da janwe ya sauke ta, su ba su san wata Golf ba, kilo sunka sani, mota mai nauyin tan ɗaya da 'yan kai a yi mata kuɗin ƙarfe, anka taya 350,000 wai har an yi mini mutunci. Yac ce kada ka saki, a kwance ta a sayar ɗaya ɗaya, gangar jikin kawai za mu ba su. Inji ashe bai fashe ba, wani mai tasi da ke Argungu ya saye bayan an tada shi a ƙasa ya ji ƙararsa. Giya bos ɗin da ya ci mini kuɗi bara shi ya fi komi saurin tafiya, hoto kawai anka tura wa wani ta WhatsApp. Batir, kik, tayun baya da rim, fitilun baya, ƙofofi, kusan kowanne da mai shi. Abin dariyar shi ne indomi, wancan abin da ke cikin salansa da kowa ke cewa yana da kuɗi saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinsa, munka yanka munka iske fayau, an daɗe da kwashe shi, ko kafin in saya ne ko wani gareji da na taɓa kwana da ita a hanya, Allah masani, na yafe. A ƙarshe dai abin da ya shigo hannuna ya ninka tayin 'yan gwangwan har da ɗori, bakaniken kuwa da kyar ya karɓi na yaran da sunka yi kwancen.

Abu biyu da na koya a makare. Na farko mai faci ya nuna mini lamba huɗu da ke jikin tayar da ta fashe, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekarar da anka yi ta, tawa 14 ce a ƙarshe, wato 2014, ni kuwa bara na saye ta a matsayin Beljiyam mai kyau don zanenta bai cinye ba. Ban taɓa sanin ana dubawa ba, laifina ne. Na biyu, kafin gangar jikin ta bar gareji mun cire lambar mota gaba da baya na riƙe tare da takardu, munka rubuta yarjejeniya da lambar shasi da shaidu biyu kowa ya sa hannu, don a halin da ake ciki yanzu ba ka son wata rana a zo ana nemanka kan lambar da ka manta da ita.

Ranar da anka loda ta a mota ban je ba, na ce hannu na ciwo. Ƙanena ya je.

Kuɗin na biya bashin asibiti, na sayi babur wanda ke jingine cikin zaure sai an cire filasta, sauran na zuba adashi, in Allah ya hore wata motar to, in bai hore ba akwai ƙafa akwai tasha. Kawu har yanzu shina cewa da an gyara, Allah ya bar mana shi. Allah ya saka wa kowa, wanda ya zo da wanda ya kira da wanda ya yi addu'a daga nesa, shi kuma dattijon bakaniken nan Allah ya albarkaci zuri'arsa ya sa ya gama lafiya.

Kujerar baya ban sayar ba, tana ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro, 'yan majalisa sun riga sun fara faɗa a kanta bayan isha'i. Saura ƙofar baya guda ɗaya da ba ta samu mai saye ba, waccan ce mai buɗewa daga ciki, mai so ya zo ya ɗauka kyauta.