Abincin rana a Layol

Asabar, tsakiyar Oktoba

Yau ba a ɗora tukunya a gidan gona ba. Jiya muka gama sauko da shanu daga tudun Obrak, inda suke kiwo tun ƙarshen watan Mayu, kuma al'adar maigidan da nake horon aikin likitan dabbobi a garkensa ce, duk ran da aka gama ya kai ma'aikatansa cikin gari su ci abinci. Muka cika motarsa sai Layol, wato Laguiole a rubuce, wani ɗan gari a yankin Aberon na kudancin Faransa da mutanensa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba. Garin yana kan tudu kusan mita 1,000, iska kuwa tana yanka kunne. Muka ajiye mota kusa da bijimin tagullar nan da aka kafa a dandalin kasuwar shanu tun 1947.

Gidan abincin ɗaki ɗaya ne, tebur takwas. Miji yana kicin, matar tana kai da kawowa, abincin ranar an rubuta shi da alli a kan allo. A irin waɗannan garuruwa daga sha biyu zuwa ƙarfe biyu ake ba da abincin rana, wanda ya makara sai ya jira dare. Muna zama aka dire burodi da tulun ruwa, waɗannan ba a biyan kuɗinsu.

Abincin ranar aligo ne da naman alade. Kafin in buɗe baki maigida ya riga ya faɗa wa matar ni Musulmi ne. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, kifi za ka ci? Na kogin nan ne, a kasko daban za a soya maka." Na ce, "Na gode, Madam." Har ta juya sai ta dawo, ta ce romon da za a fara kawowa ma da kitsen alade a ciki, za ta kawo mini salak a madadinsa. Ni ban tambaya ba, kuma da ta yi shiru ba yadda zan gane. Wannan ya kwanta mini a rai fiye da kifin kansa. Da aka zo zuba giya na kife kofina, ba wanda ya sake tayi.

Aligo dankalin turawa ne da aka dafa aka kirɓa, aka sa man shanu da kirim da 'yar tafarnuwa, sannan aka zuba sabon cuku wanda bai tsufa ba. Matar ta zo da tukunyar har bakin tebur. Tana tuƙawa da ƙaton cokalin itace yadda Inna ke tuƙa tuwo da muciya, sai ta ɗaga hannu har saman kanta, abin ya bi cokalin yana miƙewa bai tsinke ba, tururi na tashi. Ta naɗe shi a cokalin ta sauke a farantina. Yana da danƙo da santsi, ga ɗan tsamin nono can ƙasa. Wajibi ne a ci shi da zafinsa, in ya huce ya daskare.

Ba wanda ya taɓa wuƙar tebur. Kowa ya zaro tasa daga aljihu, don garin ya yi suna da ƙirar wuƙa mai naɗewa tun ƙarni na 19. Ta maigida gadon mahaifinsa ce, ƙotar ƙaho, bakin ya sirance saboda wasawa. Ya buɗe mini wani tsinken ƙarfe a bayanta, ya ce a da can, da shi makiyaya suke huda kwiɓin saniya na hagu idan ciki ya kumbura, iskar ta fita. Abin da muke yi ke nan yau da kayan asibiti.

Da aka kawo katakon cuku aka bar mana mu yanka da kanmu, sai hira ta koma kan nono. Maigida ya ce a zamanin kakansa makiyaya suna kwana a bukkokin dutse kan tudu duk lokacin kiwo, can suke tatsa, can suke yin cuku. Saniyar Obrak ba ta sakin nono sai ɗan maraƙinta yana kusa, don haka ake ɗaure shi a ƙafarta ta gaba. Na ce masa shanunmu na Dakoro ma haka suke, ya ajiye wuƙa ya ce in maimaita. Bukkokin sun yi ta mutuwa saboda matasa sun tafi birni, sai a 1960 wasu matasan makiyaya suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar Jeune Montagne, tana karɓar nono daga gonaki tana sarrafawa a nan cikin gari. Cukun da ke cikin aligon da na ci daga can ya fito.

Nan raina ya sosu. Mu ma muna da cuku, matan Buzaye da Fulani suna shanya shi a kan tabarma, kuma da damina nono yana yawa a ruga har ya rasa mai saye, alhali kantunan Maraɗi cike suke da madarar gari ta Turai. Shanu muna da su, hannun yi muna da shi. Abin da ya rage shi ne mai zuwa ya karɓa kowace safiya, da wurin sanyaya shi, da farashin da makiyayi zai iya dogara da shi. Na rubuta tambayoyi a bayan takardar kuɗin abincin, maigida ya yi alkawarin kai ni wajen ƙungiyar ranar Talata in ga yadda suke karɓar nonon.

Kowane mutum yuro 20, kusan jaka 13 ta sefa, maigida ya hana kowa sa hannu a aljihu. Muka sha kofi muka fito biyu ta gota. Na yi azahar a ɗakina, sannan na wuce garke don duba wata karsana da ta sauko daga tudu tana ɗingishi. Tsakuwa ce ta maƙale tsakanin kofato, na cire na wanke na sa magani, gobe da safe zan sake dubawa.