Wayar ɗalibi a aji: a ba ta aiki, a yanka mata lokaci

Masu cewa a raba ɗalibi da waya a aji suna da hujja. Faransa ta hana amfani da ita a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Holan ta bi sahu a farkon 2024, rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi kuma ya yi gargaɗin cewa ko ajiye waya kusa da yaro kaɗai na iya raba masa hankali. Gaskiya ne. Amma dokar Faransa ɗin ma ta bar ƙofa ga amfani da waya don darasi idan makaranta ta amince. Abin da ke ɓata aji shi ne wayar da aka bari kara zube. Wadda aka ciro don aiki guda, na minti 10 zuwa 15, sannan ta koma jaka, tana da amfani ƙwarai.

Shirin yana farawa ne tun jajibirin darasi. Malami ya san wayoyi nawa za a samu, ya raba aji rukuni-rukuni, mutum uku ko huɗu kan waya ɗaya: mai riƙe waya, mai rubuta sakamako a takarda, mai yi wa aji bayani. Wannan rabon yana rufa wa yaron da ba shi da waya asiri, kuma wuya ne mai riƙon ya zame zuwa WhatsApp idanun abokansa na kansa. Duk abin da za a buƙata a sauke shi tun a gida. Kada a dogara da raba data daga wayar malami, domin yawancin wayoyi ba sa ɗaukar sama da na'urori 10 a lokaci guda, sai rabin darasi ya tafi a "Malam, tawa ba ta hau ba". Manhajar lissafi ta GeoGebra na aiki babu intanet, haka ma Kiwix mai ɗauke da Wikipedia. Da an shigo aji a danna alamar jirgin sama, kira da saƙonni su yanke. Android na da hanyar kafe manhaja guda a fuskar waya, iPhone ma na da irinta mai suna Guided Access.

Inda waya ta fi burge ni shi ne darasin kimiyya, don a nan take zama kayan awo. Ɗauki gwajin lilo. A samu zare, a ɗaura masa noti mai ɗan nauyi, a rataye yadda tsawon zai zama mita 1 cif daga maɗauri zuwa tsakiyar notin. A ja shi gefe kaɗan, kamar santimita 15, a sake shi ba tare da turawa ba. Da agogon waya a auna lokacin da zai je ya dawo sau 10. Za a samu kusan daƙiƙa 20, wato daƙiƙa 2 kowane zuwa da dawowa, daga nan a lissafo ƙarfin jan ƙasa ya fito kusa da 9.8 m/s². Rukunin da ya samu daƙiƙa 10 ya ƙirga zuwa daban, dawowa daban ne. Wanda amsarsa ta ɗan kauce kuwa, galibi ya tsayar da awon zare a saman notin, ko ya ja lilon da nisa. Me ya sa sau 10? Yatsa na makara da kusan ɗaya bisa biyar na daƙiƙa wajen dannawa. A awo guda wannan babban kuskure ne, a awo 10 kuwa sai ya rarrabu ya ƙanƙance. Sai a rage zaren zuwa santimita 25 a maimaita, yara su gani da idonsu lokacin ya koma rabi. Mai son zurfafawa ya nemi phyphox, manhajar kyauta ta jami'ar RWTH Aachen a Jamus, wadda ke karanta motsi da sauti daga na'urorin cikin wayar.

Gwajin fahimta a ƙarshen darasi ba ya buƙatar dogon shiri. Tambaya biyar a Google Forms, shafin shirya tambayoyi na Google, sun isa idan akwai intanet. Idan wayoyi sun yi ƙaranci, manhajar Plickers wayar malami kaɗai take buƙata: yara su ɗaga katunan da aka buga, kyamara ta karanta amsoshinsu.

Abu ɗaya ne ban yarda a yi masa sassauci ba, shi ne hoto. Kyamara ta kalli allo ko kayan gwaji, ban da fuskar kowa sai da izininsa, domin hoton yaro da ya fita daga aji ba ya dawowa. A rubuta wannan doka, iyaye su gani su sa hannu tun farkon zango, tare da bayanin wanda zai ɗauki nauyi idan waya ta fashe ko ta ɓace. Lokaci na cika malami ya ba da alama, a kife wayoyi a kan tebur, sannan a fara tattauna sakamakon daga takarda.