Abin da mata masu ɓari ba sa faɗa a gaban uwar miji

Aikin binciken da na yi na kammala karatun ungozoma a kan matan da ke zuwa da ɓari ne, a wani asibitin gwamnati nan cikin Kaduna, kuma har yau in na tuna fom ɗin da na zubar a kwando sai raina ya ɓaci. Tambayoyin ba su da matsala, matsalar wa ke amsawa. Mace tana kwance an gama mata wankin ciki, ka ce baiwar Allah cikin nan na nawa ne, kafin ta buɗe baki uwar miji ta karɓe, ai wannan ne na farko da ya zube, wanki ta yi ta ɗaga bokiti. Haka nake rubutawa.

Sai wani dare aka kori masu jinya waje, wata daga Rigasa ta jawo hannuna ta ce Sista wallahi na uku ke nan, biyun farko ba wanda ya sani, kuma kwana uku ta yi tana jini tana shan jiƙo kafin a sa ta a keke napep. Zazzaɓi ma ta sha shi sati guda, maganin kemis kawai. Duk ba ko ɗaya a fom ɗinta na safe. Da na koma wa sauran su kaɗai, labari ya canza, masu ciwon suga da ba a taɓa gwadawa ba, masu maleriya, waɗanda suka haura shekara 35 amma an ce min 28.

Abin da ke min ciwo shi ne maganar bokitin nan. Cikin da aka san da shi, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 yana zubewa, mafi yawa kafin sati 12, kuma kusan rabin na farko-farkon daga ƙwayar halittar ɗan tayin ne tun ranar da ya shiga, ba aikin gida ba, ba kishiya ba. Amma yarinya za ta koma gida da laifi a kanta, abin da ya kamata a duba kuwa, suga, maleriya, ciwon sanyi, rukunin jini, an bar shi. Mai jini nagatif tana iya buƙatar allurar anti-D, wadda ke kare cikin da za ta ɗauka a gaba, cikin awa 72 bayan ɓari, in ta ɓoye ɓarin baya wa zai san an tsallake?

Ƴan uwa ɗalibai da ke shirin irin wannan aiki, kar ku cike ko layi ɗaya da mai jinya a tsaye. Ku ce Mama don Allah a ɗan ba mu wuri za mu duba ta, ba wadda ke musu da wannan. Ku jawo labule, ku zauna, ku fara da sannu da jiki, tambayar shekaru da cikin baya ku bar ta sai ƙarshe.