Kyamarar hular kwano ga mai zuwa aiki a keke: abin da na gwada da abin da na tsaya a kai

Da na tashi ɗaura kyamara a hular kwanona, tambaya ɗaya na sa a gaba: idan mota ta goge ni ta wuce, zan iya karanta lambarta a bidiyon? Kyan launi da girman sunan kamfani duk suna bayan wannan. Na gwada kyamara uku, kuma gwajin da ya fi faɗa mini gaskiya ba shi da wuya. Ka tsaya mita 5 daga motar da aka ajiye ka ɗauka, ka ja baya zuwa mita 10 ka sake, sannan ka maimaita kana tafiya a kan keke, da rana da kuma bayan duhu ya shiga. Ka buɗe bidiyon a kwamfuta, ka tsayar da shi hoto bayan hoto. A fuskar waya komai kyau yake yi, sai an faɗaɗa gaskiya take fitowa.

A nan na gane faɗin gani yana da tsada. Kyamarar 1080p tana da ɗigon hoto, wato fiksel, 1920 daga hagu zuwa dama. Idan ta baza su a kan digiri 150, kowane digiri ya sami kusan 13. Lambar mota mai faɗin rabin mita, daga nisan mita 10, ba ta kai digiri 3 ba, ke nan ɗigo 37 kacal za su ɗauki haruffan duka. Ba za su karantu ba. A 4K, mai ɗigo 3840, adadin ya ninka zuwa kusan 73, a nan ne ake fara rarrabe 8 da 3. Don haka na bar saitin da ya fi faɗi na koma matsakaici, wajen digiri 110 zuwa 120. Ana rasa ɗan gefen titi, amma tunda kyamarar a kaina take, duk inda na waiwaya tana bi.

Dare shi ne babbar matsala. Idan haske ya ragu, kyamara tana barin idonta a buɗe ya daɗe don ta tara haske. Motar da ta fi ka gudu da kilomita 30 a awa tana cin mita 8 da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya. Idan ido ya zauna a buɗe kashi 1 cikin 30 na daƙiƙa, motar ta matsa santimita 28 a cikin hoto guda, lambar ta zama dishi-dishi. Ɗauka a hoto 60 a daƙiƙa yana rage wannan da rabi, shi ya sa na fi son 60 a kan 30 ko da hoton zai ɗan yi duhu. Ga kuma fitilar gaban keke: lambar mota tana maido da haske, idan fitilar ta doke ta kai tsaye sai ta fito fari fat, babu harafi ko ɗaya. Na sunkuyar da fitilata ƙasa kaɗan, abin ya ragu. Duk da haka ban dogara da hoto kaɗai ba. Da zarar abu ya faru, ina faɗin lambar da ƙarfi sau biyu, da launin motar, makirufo ya ɗauka. Ɗan guntun soso a kan ramin makirufon yana kashe ƙugin iska.

Sai nauyi. Kyamara mai kusurwa huɗu irin GoPro tana kai giram 150, kuma hular keke kanta sau da yawa ba ta wuce giram 300 ba. Ɗora wannan a tsakar ka yana sa hular ta riƙa zamewa gaba a gargada, wuya ya yi tsami bayan rabin awa. Na koma siririya mai siffar tocila, ƙasa da giram 100.

Yadda za a ɗaura ta ne na fi damuwa da shi, domin kai ake magana. Hular kwano tana aiki ne ta hanya biyu: soson ciki mai tauri yana murƙushewa ya shanye bugu, santsin bayanta kuma yana sa ta zame a kan kwalta ba tare da ta cije ba. Gwaje-gwajen da ake yi wa hula, kamar EN 1078 a Turai da CPSC a Amurka, ana yin su ne babu komai manne a jikinta. Abu mai tauri da ya tsaya a sama zai iya kama ƙasa ya murɗa kai, ko ya tattara ƙarfin bugun wuri guda. Saboda haka ba na huda hula, ba na ɗaure komai da noti. Ba na shafa mata gam mai ƙarfi, don wasu sinadaran suna cin robar waje da soson. Ina amfani da madauri da ke ratsa ramukan shan iska, da mazaunin da zai ɓalle idan aka buge shi. Ka gwada da hannunka: ka doki kyamarar daga gefe da ɗan ƙarfi. Idan hular ce ta juya kyamarar ba ta motsa ba, ɗaurin ya yi yawa. Ka kuma duba takardar da ta zo da hular, wasu masu ƙerawa sun hana manna komai.

Saitin kusurwa a kan keke ake yinsa, ba a tsaye ba, tunda mai tuƙi yana sunkuyar da kai. Bidiyon farko da na ɗauka rabinsa tayar gaba ce. Yanzu ina barin sararin sama ya ci kashi ɗaya cikin uku na hoton.

Batir kuwa, ka auna tafiyarka zuwa da dawowa, ka ƙara rabinta. Abin da aka rubuta a kwali yawanci na ƙaramin saiti ne, 4K da sanyi duk suna rage shi. Idan za ka jona wayar caji daga batirin aljihu, ka sani buɗe murfin caji yana soke kariyar ruwa. A alamomin kariyar ruwa, IPX4 na nufin jure fantsama, IP67 kuma nutsewa har mita ɗaya na minti 30.

Katin ajiya na microSD ya zama mai alamar V30, wato mai saurin rubutu, kuma irin wanda aka yi don yawan rubutu da gogewa. Bidiyo mai megabit 60 a daƙiƙa yana cin gigabait 27 a awa, kati mai 128 ba zai kai awa 5 ba. Dole kyamarar ta iya zagayowa ta goge tsoho da kanta, amma wannan ne kuma haɗarin: abin da ya faru ranar Litinin zai iya ɓacewa kafin Alhamis. Ina danna maɓallin kulle fayil nan take, in kwafe shi a daren, in bar asalin yadda yake, da minti biyu kafin abin da biyu bayansa. Agogon kyamara yakan koma baya idan batir ya mutu gaba ɗaya, don haka ina duba kwanan wata kowane mako, ina goge katin a cikin kyamarar sau ɗaya a wata.

Abin da hula ba ta gani shi ne baya, inda mai matse ka yake tahowa. Daga baya na ƙara ƙaramar kyamara mai jar fitila a sandar sirdi. Dokar ɗaukar mutane da yaɗa fuskokinsu ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka san ta wurin da kake kafin ka sa komai a intanet. Ni hukuma nake miƙa wa. Kuma kafin in ɗaga ƙafa kullum, ina cire hular in ga jar fitilar ɗauka tana ƙiftawa, in goge gilashin, sannan in mayar in ja madaurin haɓa har yatsa ɗaya ko biyu kawai ke shiga.