Tagar ɗakin Hajiya

Yau kwananmu uku da tarewa a Ƙofar Doka, kuma sai yau na samo wa rautarmu, wato na'urar da ke raba mana intanet a gida, mazauni. Da muna Samaru ko'ina ka ajiye ta sabis cike yake. Nan kuwa ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ga rufin kwano, da ka shiga ƙuryar ɗaki sai 4G ya koma sanda ɗaya. Na aro layuka biyu wurin maƙwabta, na bi ɗaki-ɗaki ina gwadawa har na gane wanda ya fi kamawa a unguwar. Inda ya fi kawowa kuwa tagar ɗakin Hajiya ce, mai kallon titi.

Ina gama jona rautar da fawa banki saboda ɗaukewar wuta, sai ga kiran bidiyo na Yaya daga Madina. Hajiya ta riƙe wayar da hannu biyu, ta matso da ita dab da fuskarta, tana cewa, "Kai, ka rame! Ba ka cin abinci ne?" Hoton bai tsaya ba ko sau ɗaya, har ta ƙirga haƙoran jikanta. Tun da muka kwaso kaya ba ta saki jiki da gidan ba, ko ƙullin zannuwanta ba ta kwance ba, abin yana ta damuna. Bayan la'asar na leƙa na tarar ta shimfiɗa dardumarta a gindin tagar nan, wayar na gefenta. Ina jin yau ne Hajiya ta tare.