Kwaɗayin da ke zuwa kafin al'ada, da yadda ɗaliba za ta shawo kansa

Mako guda ko kwana goma kafin jini ya zo, sai ki ga ɗaliba a bakin shago da tsakar dare tana neman cakulan, lemon kwalba ko indomi mai yaji. Ba zari ba ne. Bayan fitar ƙwai sinadarin projestaron yana hawa, gab da al'ada kuma shi da istirojin, sinadaran jiki da ke tafiyar da al'adar mace, su sauka tare. Wannan sauyin yana taɓa serotonin, sinadarin da ke daidaita yanayin zuciya, sai jiki ya riƙa neman zaƙi da sitaci don ya ɗan samu sauƙi.

Inda ake kuskure shi ne fita lacca ƙarfe takwas ciki ba komai. Zuwa azahar yunwa ta ci ki, kin sha lemo da biskit, sukarin jini ya yi sama ya faɗo, bayan awa biyu kwaɗayin ya dawo, ga fushi a kai. Ki riƙa cin abu kaɗan duk bayan awa uku ko huɗu: ƙosai, alale, dafaffen ƙwai ko soyayyar gyaɗa a jaka. In zaƙi kike so, dabino uku da gyaɗa sun fi ɗaukar ki lokaci. Ban ce a daina cakulan ba, a ci shi dai bayan abinci.

Kumburin ciki da nauyin nono gishiri ne ke ƙara su, don yana riƙe ruwa a jiki. Rabin ƙunshin magin indomi ya isa. Kofi da lemon ƙarin kuzari na karatun dare suna hana barci, rashin barci kuma na ƙara kwaɗayin.

Kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, yana rage alamomin nan. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana ba da wajen 300, riɗi da busasshen kifi mai ƙaya su taimaka. Tafiya da sauri ta minti 30 ma tana aiki.

Amma kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara wani abu ne daban, sau da yawa alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini, musamman ga mai zubar da jini da yawa. A je a gwada jini.

Ki rubuta alamominki kullum na wata biyu. In baƙin ciki ko fushi na hana ki shiga aji, kuma yana gushewa kwana kaɗan bayan jini ya zo, ki kai wa likitan asibitin makaranta takardar nan.