Ƙwallon da na raina

Lokacin da aure ya kawo ni Agege daga Zariya, cikin kayana har da kwarashi guda uku da ragowar ulu a leda. A gida saƙa ta rufa mini asiri. Da hunturu ya kama, hular jarirai da safa da rigar sanyi ba sa kwana a hannuna. Da na zo Legas sai na tarar da wata duniya dabam. Iskar nan ga ɗumi ga laima, jariri gumi yake yi ko da asuba, to wa zai saya masa rigar ulu? Kwarashina ya kusa shekara a ƙasan akwati.

Wata maƙwabciyarmu ce ta haɗa ni da matar da na koyi wannan aiki a hannunta. Bahaushiya ce haifaffiyar Agege, fataucin goro ne ya kawo kakanta, Yarabanci kuwa a bakinta kamar ruwa. Anti muke ce mata. Ita 'yan tsana take saƙawa, zomo da giwa da agwagwa, ta cusa musu auduga, ta ɗora hotunansu a Instagram da WhatsApp, masu so su yi magana. Ta ce mini irin wannan saƙa sunanta amigurumi, kalmar mutanen Japan ce, kuma ba ruwanta da sanyi ko zafi, domin yaro a ko'ina yake yana son abin runguma.

Na yi wata biyu ina kallo, ina ɗinke mata kunnuwa da ƙafafu. Ana saura mako uku Babbar Salla aiki ya yi mata yawa, sai ga wata mata mai aiki a Ikeja ta turo hoto. Tana son a saƙa wa 'yarta mai wata goma wata dabba fara mai dogon wuya, da ɗan bargo mai launi a bayanta, a haɗa da ƙwallo mai irin launin bargon. Lama sunan dabbar. Anti ta miƙo mini wayar ta ce, "Ƙanwata, ga aikinki na farko da za a biya. Amma da ƙwallon za ki fara."

Maganar ta sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Ni da na shekara goma da kwarashi a hannu, a ce in fara da ƙwallo kamar sabuwar shiga? Na ce, "Anti, ai ƙwallon ko da dare na gama shi, bari in kama babban aikin." Ba ta ja maganar ba. Ta ce in je in saƙo ƙwallon dai, in ta gani ta yarda, sai in wuce gaba.

Washegari na kawo mata. Ta karɓa, ta jujjuya shi, ta matsa da babban yatsa. Farar auduga ta leƙo ta tsakanin ƙulle-ƙullen kamar haƙora. Sannan ta sunkuya ta gangara shi a kan tayil ɗin falonta. Ya yi taku biyu, ya ɗingisa, ya karkata hagu, ya shige ƙarƙashin kujera. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Hula tana rufa wa mai saƙa asiri, kan yaro ne ke ba ta siffa. Ƙwallo ba ya rufa wa kowa."

Laifi biyu ta nuna mini. Na farko, hannuna ya saba da sako-sako, domin kayan sawa suna son taushi. 'Yar tsana kuwa matsewa take so, shi ya sa ake ɗaukar kwarashin da ya fi ƙanƙanta a kan wanda aka rubuta a takardar zaren. Ni da mai milimita 4 na yi, ta ba ni mai 2.5. Na biyu ya fi ba ni mamaki. Bayanin saƙar da na samo a intanet wata 'yar Ingila ce ta rubuta, ni kuma a bidiyon Amurkawa na koyi sunayen ƙulli. Ashe abin da Amurkawa ke kira singul, shi mutanen Ingila ke kira dabul. Na ga dabul a rubuce, na yi ta zuba dogon ƙulli irin na Amurka, wanda tsayinsa ya kusa ninka wanda ake nufi. Ga inda ramukan suka fito. Tun daga ranar, kafin in taɓa zare sai na fara bincika daga wace ƙasa bayanin ya fito.

Daga nan ta zaunar da ni ta koya mini lissafin, wanda a da da ka nake yi. Za ki naɗa zare a yatsa ki yi zobe, ki zuba ƙulli 6 a ciki, ki ja wutsiyar zaren zoben ya rufe ruf. Zagaye na biyu kowane ƙulli ya haifi biyu, 12 ke nan. Sai 18, 24, 30, 36. Daga nan ki yi zagaye 6 ba ƙari ba ragi, a nan ne abin zai lanƙwaso ya zama ƙoƙo. Sai ki fara saukowa: 30, 24, 18, 12, 6, ki rufe. Na taɓa zama na haɗa su duka, ƙulli 432 ne a ƙwallon da bai cika tafin hannu ba.

Na tambaye ta me ya sa shida, ba biyar ko takwas ba. Ta ce haka ta taras, amma in gwada in gani. Na gwada. Da na riƙa ƙara tara, bakin saƙar ya yi ta tattarewa kamar ganyen latas. Da na rage zuwa huɗu, tun kafin a je ko'ina ya tsuke kamar mazurari. Ƙanen maigidana da ke karatun injiniya a Yaba shi ya warware mini dalilin wata rana da ya zo cin tuwo. Ya ce kewayen da'ira ya ɗara ninki shida na nisan tsakiyarta zuwa baki da kaɗan, gajeren ƙulli kuma, wato singul ɗin Amurkawa, tsayinsa da faɗinsa kusan ɗaya ne, saboda haka kowane sabon zagaye yana bukatar ƙarin shida kafin ya kwanta. Na ji daɗin wannan bayani har raina. Abin da hannun mata ya gano da gwaji, ashe shi ne a allon makaranta.

Ƙwallo na biyu ya matsu, amma ya fito da kusurwa shida, saboda na jera wuraren ƙarin a kan juna tun daga tsakiya. Anti ta ce in riƙa gusar da su, wannan zagaye a nan, na gaba a can. Na uku kuma na ɓata ƙirga. An ɗauke wuta, ina saƙa da fitilar caji, yaro ya yi kuka na tashi, da na dawo ban san inda zagayen ya faro ba, na ci gaba a kan zato. Ƙulli biyu kacal suka salwanta, amma gefe guda ya lotsa. Na so in cusa auduga da yawa a wurin in ɓoye. Na daɗe riƙe da shi a hannu ina shawara da zuciyata, sannan na zare kwarashin na ja zaren. Warwara tana da ciwo. Aikin awa biyu yana komawa tulin zare mai lanƙwasa cikin minti ɗaya, kina ji yana tsalle ƙulli bayan ƙulli a tsakanin yatsunki. Yanzu ba na fara zagaye sai na saƙala ɗan guntun zare mai wani launi a ƙullin farko, ba na kuma tashi, ko ana buga ƙofa, sai na faɗi adadin da nake kai da baki.

Na huɗu ne ya gangara sambal daga ƙofar falo har bango. Anti ta ce, "To, yanzu je ki yi lamarki." Sai da na fara na gane abin da take nufi tun farko. Kan dabbar ƙwallo ne. Gangar jikinta ƙwallo ne da aka ja tsakiyarsa. Bakin rabin ƙwallo ne, ƙafafu huɗu kowace zobe ne na ƙulli shida da bututu a kansa. Ɗan hakin da na raina, shi ne duk aikin.

Amma ita ma lamar ta ba ni nata karatun. A raina na ɗauka tunkiya ce mai wuyan raƙumi, na yi mata kunnuwa masu faɗowa irin na tumakin da ake saukewa a kasuwar Alaba Rago. Anti ta ajiye hoton kusa da aikina ba ta ce komai ba, ni da kaina na ga ba ita ba ce. Sai na zauna na nemi sanin dabbar. 'Yar'uwar raƙumi ce ta gaskiya, sai dai ba ta da tozo, kuma a Kudancin Amurka take, a tsaunukan Andis, musamman Bolibiya da Peru. Tun shekaru dubbai mutanen can suke kiwonta, tana ɗaukar musu kaya a hanyoyin dutse, suna saƙa da gashinta. Leɓenta na sama a tsage yake kamar na raƙuminmu, in ranta ya ɓaci kuma tofi take yi. Kunnuwanta dogaye ne a tsaye, sun ɗan lanƙwaso ciki kamar ayaba, kuma da su ake saurin bambanta ta da ƙanwarta alfaka, mai gajerun kunnuwa masu tsini. Tuntayen zare masu launi da na gani a kunnuwanta a hoto, na ɗauka ado ne na masu zane, ashe makiyayan can ne ke ɗaura wa dabbobinsu don a san na wane ne, kamar yadda Fulani ke yi wa shanu shaida. Da na san wannan sai na ji dabbar ta daina zama baƙuwa a hannuna.

Wuya ne ya fi wahalar da ni. Sau biyu ina gamawa kan yana langaɓewa gaba. Na kawo shawarar sa waya a ciki, Anti ta ce ko kusa, ba a sa ƙarfe a abin da jariri zai kwana da shi. Maganinsa shi ne a faɗaɗa gindin wuyan, a matse saƙar, a riƙa cusa audugar kaɗan-kaɗan da bayan fensir tun ana hawa, ba sai an gama ba. Audugar ma ba kowace ba. Ni da ta rimi na saba, irin ta matashin kai a gida, amma a damshin Legas, musamman watan Yuni da Yuli, tana riƙe laima ta dunƙule ta yi wari. Ta roba muke saya wurin masu yin filo, wadda ake wankewa ta bushe ta koma yadda take.

Na sayo idanun roba masu ƙyalli a Yaba, ina ɗokin sa su. Anti ta tambaye ni, "Watan yarinyar nawa?" Na ce goma. Ta ce, "Ki mayar da su jaka. Duk abin da zai iya ɓallewa, cikin baki zai ƙare." Irin waɗannan idanu ba a sa wa abin wasan yaron da bai kai shekara 3 ba. Da baƙin zare na ɗinka idanun, a lumshe kamar mai barci, na ɓoye ƙullin can cikin kai. Tuntayen kunnen ma na fasa rataya su, na ɗinke launukan a jikin kunnen. Bargon na ɗinke shi a bayanta ta kowace kusurwa, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, daga zaren da na yi wa ƙwallon ratsi.

Wata dattijuwa a gidanmu ta gan ni ina ɗinka fuskar, ta ce, "'Yata, kin tabbata wannan ba surar mai rai ba ce da aka hana?" Na ɗauki maganarta da muhimmanci, na sa maigida ya tambayi malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa. Ya aiko da cewa ya tabbata a hadisi Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da wani doki mai fukafukai a cikinsu, kuma a kan haka malamai da yawa suka sassauta a kan abin wasan yara. Na kai wa Inna amsar, ta ce Allah ya sa albarka a sana'ar.

Kuɗin aikin Anti ce ta yanke, bayan ta sa na rubuta awannin da na ci. Na ƙirga har da warwara, ta soke wannan, ta ce mai saye ba ya biyan kuɗin koyo. Na ga gaskiyarta.

Ranar da na kai kayan Ikeja, uwar ta zaunar da yarinyar a kan darduma ta ajiye mata su biyun. Ta kama lamar ta wuya, ta jijjiga, ta kai kunnen baki ta ciza da haƙoranta biyu na ƙasa, ta ja da iya ƙarfinta. Numfashina ya tsaya har ta saki, kunnen yana nan daram. Sannan uwar ta tura ƙwallon, ya gangara miƙe, yarinyar ta bi shi da rarrafe tana ƙyalƙyala dariya har bakin ƙofa.

Bayan Salla da kamar wata biyu matar ta turo mini saƙon murya. Ta ce an wanke lamar sau uku, wuyan yana tsaye, yarinyar ba ta barci sai da ita. Ƙwallon kuwa ya faɗo daga baranda ranar wani ruwan sama, kwata ta tafi da shi. Tana son wani, mai ɗan girma, tunda yanzu yarinyar ta fara takawa tana son abin shuri. Na hau jirgin ƙasa daga Agege zuwa Yaba na samo ja da shuɗin, ruwan ɗorawar sai da na shiga shago na huɗu kafin na dace da irinsa. Wannan karon zan kai ƙarin har 48 kafin in tsaya. Ina zagaye na bakwai yanzu, guntun zaren shaida yana saƙale a ƙullin farko.